Sukuru Dubu Biyu da Ɗari Huɗu

Shin ya sani, ko bai sani ba? Shekara uku ke nan da rasuwar maƙwabcina Shifu Chuang, amma har yau in na zauna a shagona na buɗe cikin wata fanka ko rediyo, sai tambayar ta zo ta zauna a gefena. Matata Kim-ki ta ce ta gaji da jin ta. Ni dai abin da zan iya shi ne in faɗi yadda aka yi.

Wata Talata ce da hantsi, muna barandarsa, ina karanta masa wasiƙa. Yana kishingiɗe a kujerar gora, robar iska a hancinsa, butar shayi a kan ɗan teburin da ya sassaƙa da hannunsa. Babura na wucewa zuwa mashigar jirgin fito.

"Sai me ta ce?" in ji shi.

"Ta ce matakalar da ke sauka ɗakin kwana har yau ba ta yin ƙara."

"Ina za ta yi ƙara? Ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Katako ne ya riƙe katako. Sai me?"

"Ta ce durowoyi suna shiga suna fita kamar an shafa musu mai."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. "Sai me?"

"Sai gaisuwa."

Ya buɗe ido ɗaya ya dubi takardun da ke hannuna. "Shafi huɗu, A-kun. Gaisuwar Turawa ta fi ta surukai tsawo."

"Turanci ne, Shifu. Kalmominsu dogaye ne."

"Ashe ba hancinsu kaɗai ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na miƙa masa shayi, na ninke wasiƙar, na sa a aljihun rigata.

Shifu Chuang kafintan jirgi ne. Shifu ba suna ba ne, haka muke kiran gwanin sana'a. Shekara talatin da biyar ya yi a yadin tsohon Pan, nan bakin ruwa a tsibirinmu na Cijin, inda ake ƙera wa Amurkawa jiragen shaƙatawa masu siffar jiragen kamun kifi. Gangar jikin jirgin faiba ce, irin robar nan mai tauri, amma duk abin da hannu zai taɓa ko ƙafa za ta taka katakon tik ne, kuma wannan shi ne aikinsa. An daɗe da daina ƙera irin waɗannan jiragen. Amma da yawansu suna nan a ruwa a can ƙetare, har masu su sun kafa ƙungiya. Wata mata a cikinsu, Misis Halvorsen, ta ɗauki aniyar rubuta tarihin jiragen. Ita ce mai jirgi ɗan ƙafa talatin da huɗu mai lamba 117. Wata rana ta zare durowa za ta goge, ta ga sunan mutum a rubuce da fensir a ƙarƙashi. Ta ɗauki hoton rubutun ta aiko yadin, mutanen yadin kuma suka gane sunan Shifu ne, suka miƙa wa 'yarsa Siu-luan, wadda take shugabantar masu fenti a can. Daga nan wasiƙu suka fara zuwa.

Ni kuwa aji shida na yi a makaranta. Turancina daga littattafan gyaran rediyo na tsinto shi, da wani ƙamus da wani matuƙin jirgi ya manta a shagona. Amma a layinmu ni ne mai Turanci, don haka ni nake karanta masa, ni kuma nake rubuta amsa.

Wasiƙa ta uku ce ta fara ɗauko zancen daɓe, wato saman jirgin da ake takawa. Na karanta ta a shago kafin in tsallaka, kamar yadda na saba, don in nemi kalmomin da ban sani ba.

Daɓen jirgin faiba ne sama da ƙasa, da falankin katako a tsakani. A kan wannan ake shimfiɗa tik, a ɗaure shi da sukuru, a toshe kan kowane sukuru da ɗan guntun katako. Su Shifu a jirgin katako suka koyi aiki. A jirgin katako, in ka kafa ƙusa, ruwa ya taɓa wurin, sai katakon ya kumbura ya matse ta. Faiba ba ta kumbura. Bayan shekara goma na rana da ruwan sama, sai ruwa ya bi jikin kowane sukuru ya sauka, ya ruɓar da falankin da ke ciki, ya ɗiga kan tankin mai har tsatsa ta huda shi. Babu wanda ya taɓa ganin haka a cikinsu, domin babu wanda ya taɓa ganin jirginsa bayan ya cika wata uku. A wancan zamanin dokar soja ta hana mu fita teku don shaƙatawa. Ana gama jirgi, masu inji za su zagaya da shi cikin tashar ruwa da takardar izini, sai a ɗora shi a kan babban jirgin dakon kaya, shi ke nan an rabu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Zanen da Ba'amurke ya aiko ya ce a sa sukuru a kowace ƙafa ɗaya. Sauran kafintoci haka suka yi, wasu ma tsallakewa suke yi in maigida ba ya kallo. Shifu Chuang ya dubi zanen ya ce wanda ya zana shi bai taɓa ganin guguwar teku irin tamu ba. Ya ninka. Sukuru dubu biyu da ɗari huɗu a kowane daɓe, kowanne da toshinsa, kuma jijiyar toshin tana kallon inda jijiyar katakon take kallo. Misis Halvorsen ta tambayi masu jirage fiye da ɗari. Ta rubuta cewa jiragen da ke ɗauke da sunansa su ne suka fi kowanne kyan ɗaki, su ne kuma daɓensu ya fi saurin ruɓewa.

Na tsallake wannan. Na tsallake shi a wasiƙa ta uku, da ta biyar, da ta shida.

Siu-luan ce ta tare ni. Da yamma ne, motar shara ta shigo layi da kiɗanta, kowa ya fito da ledarsa. Ta jefa tata, ta jira na jefa tawa, ta ja ni gefen shagon mai sayar da busasshen ƙwan kifi.

"A-hia," ta ce, wato yaya, don tun tana 'yar makaranta yayanta take ɗaukata, "ka karanta masa duka."

"Duka me?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Turancina bai kai naka ba, amma a yadin nake aiki. Yau shekara goma sha biyar da muka koma manna daɓe da gam. Kana jin don me? Ko mai gadi ya san labarin sukuru."

"To ke ki faɗa masa mana."

"Ni? In dubi idon A-pa, ubana, in ce masa aikinsa ya ruɓe? Da ni za a haɗa a binne." Ta gyara hular babur ɗinta. "Amma wasiƙarsa ce. Sunansa ne a bayan ambulan, ba naka ba. Mutumin da ya taɓa korar ɗan ƙanensa daga aiki don ya cike tsaga da garin katako ya shafe da fenti, shi kake shafe wa?"

"Likita ya ce wata nawa?"

Ta ce, "Biyu. Ko uku."

"To ba zan karanta ba."

"A-hia."

"Na ce ba zan karanta ba. Me zai yi da shi? Zai tashi ya tafi Amurka da sukundireba?"

Ta hau babur ɗinta ta tura shi cikin gida.

Da na gaya wa Kim-ki, tana cikin tsinke ganyen dankali, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Karo na farko ke nan da ka yi abin hankali," in ji ta. "Ka bar tsoho ya sha shayinsa." Da yake ita ce ta goyi bayana, sai na fara zargin ban yi daidai ba.

Ni mutum ne mai juya abu a rai. Na juya wannan ta kowane gefe. In mutum ya yi ganganci aikinsa ya lalace, ka san sunan da za ka kira shi. Amma wanda ya ƙara aiki a kan aiki, ya hana kansa hutun rana don ya daidaita toshin da ba wanda zai duƙa ya duba, kuma wannan ƙarin ne ya zama ɓarnar, me za ka kira shi? Kuma gaskiyar da ba za ta gyara komai ba, ta wa ce? Na kasa yankewa. Na ci gaba da tsallakewa.

Shi kuwa Shifu, makonnin nan sun yi masa daɗi. Misis Halvorsen ta aiko da jerin tambayoyi kan kowane irin jirgi da yadin ya taɓa yi, da shekarar da aka fara, da dalilin da aka daina. Kullum da hantsi sai in tsallaka da biro da littafi. Siu-luan takan bar masa faten shinkafa da kifi a kwano mai murfi kafin ta tafi aiki, yakan ci rabi ya tura mini sauran.

"Rubuta," yakan ce. "Talatin da Huɗu shi ne uban gida. Mun fara shi shekarar da aka haifi Siu-luan ta shiga aji ɗaya. A'a, goge, shekarar da ta shiga aji ɗaya kawai, kada Baturiya ta ce mun yi haihuwa a makaranta. Mun yi guda ɗari huɗu da goma sha biyu. Inji ɗaya, ba ya gudu, ba ya kuma shan mai. Jirgin miji da mata da suka gaji da yi wa juna magana."

"Wannan ma in rubuta?"

"Rubuta. Ita ma ta sani."

Ya ba ni labarin Arba'in, mai ɗaki biyu da bahon wanka, wanda wani dillali ya nace sai an sassaƙa masa dodon ruwa a jikin kowace ƙofa, wai Amurkawa suna son su ga alamar China. Shifu ya sassaƙa dodanni ɗari da ashirin, kuma ya ce kowanne fuskar dillalin ya ba shi. Ya ba ni labarin jirgi mai filafilai ɗan ƙafa talatin da bakwai, wanda guda talatin kacal aka yi, domin kowa a yadin ya ƙi jinin sa. Cikinsa duk lanƙwasa ne, babu bango ɗaya miƙaƙƙe da za ka jingina kabad.

"Me ya sa aka daina Talatin da Huɗu?" na karanta masa tambayar.

Ya dubi titi. "Kuɗinmu ya yi tsada, tik ya yi wuya, samari kuma suka ce sun fi son aikin kamfanin lantarki mai sanyi. Ɗan Pan ya ce yanzu manya ake so, farare, masu ƙyalli kamar banɗakin otel. Wata Asabar suka jawo mazubin da ake zuba faibar jirgin a ciki waje, suka sa masa zarto. Guda shida suka yanka shi. Ina tsaye." Ya kurɓi shayi. "Ban yi kuka ba, in ma shi kake jira ka rubuta. Wari ne da shi, mazubin nan. Na ji daɗin rabuwa da warin."

"Shifu, da gaske ba ka taɓa hawa ko ɗaya a kan ruwa ba?"

"In hau in je ina? Ni ko jirgin fito amai yake sa ni." Ya yi murmushi. "Amma na san suna can. Wani lokaci in na kwanta rana sai in riƙa ƙirga su, wannan yana wuri mai ƙanƙara, wancan yana wuri mai kwakwa. Mutum yana taka daɓena da tafin ƙafarsa, yana shan giyarsa. Wa ya kai ni yawo a layin nan?"

Ban ɗago daga littafin ba.

Wasiƙar ƙarshe ta zo a farkon watan goma sha ɗaya. Ba tarihi ta zo tambaya ba. Mijinta ya rasu a bazara. Masu gyara sun ce mata ta rabu da 117, daɓensa ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta ƙi. Ita da mijin 'yarta sun fara ɗaye tik ɗin da kansu, amma sun isa gefen ɗaki sun maƙale. Akwai sukurun da ba sa gani, in suka ja sai faibar ta tsage. Sanyi na zuwa, in ruwan da ke ciki ya daskare, jirgin ya tafi. Ta rubuta cewa mutum ɗaya ne a duniya ya san inda sukurun nan suke. A ƙarshe ta yi tambaya ɗaya a fili: wane ne ya yanke shawarar a ninka su?

Kwana biyu wasiƙar tana aljihuna. Yanzu ba zan iya cewa gaskiyar ba za ta gyara komai ba. Ga mace can tana jiran amsa, ga tsoho nan numfashinsa yana raguwa kullum. A rana ta uku na tsallaka.

Ya rame sosai. An shimfiɗa masa tawul a ƙirji. Amma idonsa tar.

"Baturiyarmu ce? Me ta ce?"

"Ta ce mijinta ya rasu."

"Ayya. Ka rubuta mata ta ci abinci. Sai me?"

"Ta ce don littafinta, tana son ta san yadda kake shimfiɗa daɓe. Musamman gefen ɗaki. Wai ta duba ba ta ga inda ka ɗaure ba."

"Don littafinta," ya maimaita.

"E."

Ya dube ni. Ban san tsawon lokacin ba. Wani mai babur ya wuce yana tallan gyaran tagar sauro da lasifika, muka jira ya yi nisa.

"Ba za ta gani ba," ya ce. "Ai don kada a gani na yi. Ba ni biron."

Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi, amma da ya ɗora biro a takarda sai layin ya fita miƙe. Ya zana jirgin daga sama. Ya nuna cewa katakon da ya zagaye gindin ɗaki shi ake fara cirewa, ba na daɓe ba, domin a ƙarƙashinsa akwai layin sukuru da aka kafa a karkace. Ya ɗiga musu alama ɗaya bayan ɗaya, talatin da takwas a kowane gefe. Ya nuna wasu huɗu a ƙarƙashin ƙarfen ɗaure igiya.

"Ka ce mata in wata rana wani ya so ya ɗaga shi, katako ai ba dutse ba ne, to ya fara daga baya ta hagu, nan na gama. Ya yi a ƙarƙashin rumfa. In ya zare sukuru, kada ya yi gaggawar toshe ramin. Ya bar su a buɗe wata guda su sha iska."

Na rubuta. Ramin da yake a bushe me zai yi da iska? Amma kuma Shifu mutum ne da ko akwatin tufafi zai ce a buɗe shi ya sha iska.

"Ƙara da wannan," ya ce. "Zanen ya ce ƙafa ɗaya. Ni na ninka. Ba Pan ba, ba yarana ba. Ni. Ka sa sunana cikakke, Chuang Tien-lai."

Na dubi fuskarsa don in ga ko alfahari ne ko wani abu dabam. Fuskar tsoho ce kawai da ya gaji, yana neman numfashi. Sau da yawa a baya ya faɗi maganar ninkawar nan yana dukan ƙirji. Yau bai daki ƙirji ba, amma yau ko kofi da ƙyar yake ɗagawa.

"Akwai wani abu kuma a wasiƙar?" ya tambaya.

A nan ne ya kamata in faɗa. Takardar tana hannuna, yatsana yana kan layin.

"Babu, Shifu."

"To." Ya mai da kai jikin kujera. "Kai mutumin kirki ne, A-kun. Amma fankar da ka gyara mini har yau kuka take kamar an taka kyanwa."

A ranar na kai amsar gidan waya, da zanen a ciki.

Bayan kwana tara aka kai shi asibiti. Ya kwana biyu, likita ya kira Siu-luan gefe, aka dawo da shi gida don ya cika a falonsa. An janye kujeru, an shimfiɗa masa katako a gefen bango. Da safe ne, ƙofa a buɗe, ana jin jirgin fito yana busa. Ya ce a ba shi lemo. Siu-luan ta ɓare, ta matsa masa ɓari ɗaya a baki. Ya ce da tsami, wanda ya sayo shi bai iya zaɓe ba. Ni na sayo. Ya tsotsi na biyu duk da haka. Daga nan ya yi barci, kuma kafin rana ta kai tsaka Siu-luan ta sa hannu ta zare robar daga hancinsa, ta durƙusa.

Aka kafa rumfa ta tare rabin layi. Tsofaffin yadin suka zo, wasu da sanda, wasu da yatsu tara. Suka zauna suna cin gyaɗa suna gardamar wanda ya fi shan zagi a wurinsa. Mata suna ninke furannin takarda. Kim-ki ta karɓe kicin ɗin gidan kamar nata. Babu wanda ya ambaci sukuru, ko da yake na ga kowa ya sani.

Kullum safe da yamma Siu-luan takan kai masa abinci gaban hotonsa, da ruwan wanke fuska da tawul. Ta kunna turaren tsinke, ta ce, "A-pa, tashi ka ci abinci." In turaren ya ci rabi, sai ta ɗauki kuɗin ƙarfe guda biyu ta tambaye shi ko ya ƙoshi, ta sake su a ƙasa. In ɗaya ya faɗi ta fuska ɗaya ta baya, ya ce e, sai a kwashe kwanuka. In suka faɗi iri ɗaya, bai gama ba.

A safiya ta uku ina tsaye a bakin ƙofa, na kawo kujerun aro. Ta tambaya, ta saki. Iri ɗaya.

"A-pa, ci a hankali, ba mai korar ka."

Ta jira, ta sake tambaya. Iri ɗaya.

"Kifin ne bai yi ba?" in ji Kim-ki daga kicin. "Ki ce masa ni na soya, in yana da magana ya zo ya same ni."

Wani tsoho a rumfa ya ce, "Ko yana raye haka yake. Sai kowa ya tashi yake fara cin nasa."

Aka yi dariya. Siu-luan ta saki karo na uku. Kuɗin suka yi ƙara a kan siminti, ɗaya ya gangara har gaban takalmina ya kwanta. Na duƙa na duba. Iri ɗaya da ɗan'uwansa.

Ta karɓa daga hannuna. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Ba abinci yake jira ba, A-hia," ta ce.

Ni ban taɓa yarda cewa matacce yana juya kuɗin ƙarfe ba. Na karanta isassun littattafai da zan san cewa abu mai fuska biyu yana iya faɗuwa iri ɗaya sau goma a jere. Na buɗe baki zan faɗa mata haka. Sai na ajiye kujerun, na tsallaka titi, na buɗe durowar da nake ajiye ƙananan wayoyi, na ɗauko wasiƙun duka bakwai.

Da na dawo ta riga ta kunna sabon turare. Ta jawo mini ɗan benci gaban teburin, ita kuma ta zauna a ƙasa, kuɗin a tafin hannunta. A hoton yana sanye da rigar aiki, fensir a bayan kunne. Tururi yana tashi daga shinkafar.

Na sa tabarau. Na ware wasiƙa ta uku, na nemo inda na fara tsallakewa.

"Shifu," na ce, "shafi na biyu ne. Ta ce, Malam Chuang, yanzu zan yi maka maganar daɓe."

Na gyara murya, na ci gaba.